Kalmar da Ta Riga Ni Isa Norway

Na sauka a Oslo da jaka ɗaya, da takardar gurbin karatu, da wata rigar sanyi da na saya a gwanjo a Daura, wadda mai ita ya rantse mini ko ƙanƙara ba ta ratsa ta. Sunana Sanusi, mutumin Sandamu. Kafin tafiyar ina koyar da ilimin noma a wata sakandaren kwana a cikin Daura, a shekarun nan na farkon shari'a a jiharmu. Na baro matata Hadiza da jaririya 'yar wata huɗu a gidan mahaifiyata.

Wanda aka ce zai tarbe ni bai zo ba. Na zauna a tashar jirgin ƙasa tun hantsi har la'asar, ina kallon allon da sunayen garuruwa ke canzawa, babu ko ɗaya da na iya furtawa. Wani mai shara, ɗan Gambiya, ya wuce ni sau uku kafin ya tsaya ya yi mini sallama. Ya karɓi takardata ya duba, ya raka ni har bakin jirgin da zan shiga, sannan ya ciro burodi da kifin gwangwani daga aljihun rigar aikinsa ya danƙa mini. Ya ce, "Inda za ka da nisa, ɗan'uwa." Ban tambayi sunansa ba. Har yau in na zo yi masa addu'a, da mai tsintsiya nake ambatonsa.

Garin da aka tura ni yana can arewa, a bakin teku, duwatsu sun kewaye shi. Aka ba ni ɗaki a gidan ɗalibai, mai tsabta, mai ɗumi, da taga babba. Shirun wurin ne ya fara damuna. Ba kiran salla, ba kukan jaki, ba mai tallar fura. Ka gamu da mutum a matattakala ka gaishe shi, sai ya ɗan matsa gefe kamar ka roƙe shi wani abu. Na yi kwana tara ban yi hira da kowa ba.

Duk baƙon ɗalibi sai ya shiga ajin koyon harshen ƙasar, sau uku a mako. Malamarmu wata dattijuwa ce mai suna Berit, kanta fari fat, tana zuwa a keke ko da ana ruwa. Ranar farko ta shigo da tarin takardu, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana miƙawa, tana cewa da harshensu ga "stensil" na yau. A duk abin da ta faɗa a safiyar nan, wannan kalma kaɗai na gane. Na karɓi takardar, ban san sanda na kai ta hanci ba. Babu warin tawada, fara ce tas daga injin hoto. Amma sunan dai shi ne wanda na baro a Daura: sitansil.

Sai na koma baya kafin a gane dalilin da sunan ya dame ni.

A makarantarmu akwai mai buga tafireta, Madam Uche, Ibo ce, Kirista, ta fi shekara goma a Daura. Mijinta na da shagon kayan babur kusa da tasha. Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ita ke buga mana takardun jarrabawa. Takan ɗaura sitansil a tafireta, wata takarda ce mai santsi kamar an shafa mata kaki, haruffa su huda ta. Sai ta naɗa ta a jikin injin gurzawa, ta zuba tawada, ta yi ta juya hannu takardu na fitowa. Ita ta koya mini aikin, saboda kullum a makare nake kai tambayoyina, kuma ba ta taɓa kai ƙarata ba.

A lokacin jinin kowa na tafasa. Mu matasan malamai gani muke ranar gyara ta zo. Muna zargin shugaban makaranta da karkatar da abincin ɗalibai, ba mu da wata hujja sai ganin tuwo na ƙanƙancewa a kwano. Wata Asabar Madam ta ba ni makullin ofishinta in ƙarasa gurza jarrabawata, don suna da biki a cocinsu. Ranar Lahadi da hantsi, ɗalibai na can suna wanki, na zauna na buga wata takarda ba sa hannu. Na zayyana zargin duka, na rufe da cewa in da gaske ake shari'ar nan, to a fara ta daga ofishin shugaba. Na gurza, na bi tagogin ajujuwa ina jefawa.

Ba a sha wahalar gano inda aka buga ta ba, don tafiretar makaranta na da wani harafi mai karyayyar ƙafa. Shugaba ya kira Madam, ta ce makulli a hannuna ya kwana. Aka kira ni. A aljihuna akwai takardar neman izinin tafiya karatu, wadda ba ta da amfani sai da sa hannunsa. Na ce ai tun yammacin Asabar na mayar mata da makullinta. Tana tsaye a gefe, hannunta duk tawada. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Malam Sanusi, yaushe?" Na kau da kai.

Abin da ban hango ba shi ne yadda jimlar ƙarshe za ta juya. A bakina kishin addini ce. Da aka ce Kirista ce ta rubuta, sai ta zama izgili ga shari'a. Kafin Juma'a magana ta cika gari. Aka sallame ta daga aiki, mai unguwa ya ba mijin shawara su ɗan kauce har hankula su kwanta. Suka rufe shago suka tafi. Bayan mako biyu shugaba ya sa mini hannu, har da addu'ar Allah Ya ba da sa'a.

Na ɗauka in na tsallake teku na rabu da zancen. Sai ga shi sau uku a mako wata dattijuwa, da murmushinta, tana miƙo mini sunan abin a hannu.

Sanyi ya shigo, rigar gwanjo ta nuna iyakarta. Azumi ya same mu a tsakiyar hunturu, lokacin da rana kan leƙo da hantsi, kafin ka gama sallar azahar ta koma. Mu 'yan tsirarun Musulmi muna haɗuwa a wani ɗaki a ƙasan bene, Somaliyawa da 'yan Pakistan da ni, kowa da lissafin lokacinsa. Azumin bai wahalar da ciki ba, zuciya ya wahalar. In sha ruwa ni kaɗai da shayi da dabino, ina tuna kunun tsamiyar Inna da ƙosan da take soyawa a bakin murhu. Wata rana Malama Berit ta ga ina ɓoye hannu a hammata a cikin aji. Kashegari ta zo da wata riga mai nauyi da safar ulu a leda. Ta ce ta mijinta ce, ya rasu, kuma ta gaji da ganinta a rataye. Na yi godiya. A raina ina cewa da ta san wanda take tufatarwa da ba ta kawo ba.

Cikin azumin nan kaset ya iso daga gida, don a lokacin babu waya a Sandamu. Na ji muryar Inna tana sa mini albarka, na ji kukan 'yata. Hadiza ta ba ni labarin kowa: gero ya yi kyau, an yi wa ƙanena baiko, akuyarmu ta haifi biyu. Can wajen ƙarshe ta ce, "Af, matar nan ta makarantarku da ta zagi shari'a, an ce suna Kongolam ita da mijin. Allah Ya shirya." Na kashe rediyon. Kwana uku ban iya sake kunna shi ba, duk da kewar kukan yarinyar da nake yi.

Tallafin karatun bai isa komai ba, don haka na nemi aikin Asabar. Wani mutum mai ƙaramar motar kaya, Terje, yana ɗaukar baƙi irina su raba takardun talla a akwatunan wasiƙa na gidaje. Ya sauke ka a bakin unguwa da jaka cike, ka bi gida gida cikin ƙanƙara. Na faɗi ya fi a ƙirga, sau ɗaya har na gurɗe a gwiwa. Takardun yawanci na kantuna ne, da hoton takalma ko kujeru, ba sai ka iya karatu ba.

Wata Asabar ya ba ni wasu takardu ruwan ɗorawa, rubutu zalla, ba hoto. Ya ce in haɗa da sauran, yana wani murmushi da ban gane ba. Na raba su a tituna shida. A wani gida wani tsoho ya buɗe ƙofa daidai ina jefawa. Ya ɗauka ya karanta, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce da Ingilishi, "Ka san abin da kake ɗauke da shi?" Na ce aiki ne aka ba ni. Ya girgiza kai ya rufe ƙofarsa. Na ajiye guda ɗaya a aljihu, da niyyar in gwada karatuna a kai.

Ranar Litinin bayan an tashi na kai wa Malama Berit. Na ce, "Malama, ga wani stensil da na raba, ki taya ni karantawa."

Ta sa tabarau ta fara, sai fuskarta ta canja. Ta ce, "Wa ya ba ka wannan?" Na faɗa mata. Ta ce in biyo ta ofis.

A ofis ta fassara mini layi layi, ba ta rage komai ba. Takardar cewa take baƙi, musamman Musulmi, sun cika gari, suna cin abin da ba su noma ba, a matsa musu su koma inda suka fito. Babu sunan kowa a ƙasa. Wato ni, da ƙafata, da gurɗaɗɗiyar gwiwata, na kai wa gidaje sama da ɗari takardar korar kaina.

Na ji zafi, amma ba irin wanda take tsammani ba. Idona na kan wurin da ya kamata a ce akwai sa hannu.

Sai ta nemi ta sassauta mini da abin da ta iya, wato zancen kalmomi. Ta ce wannan ba stensil ba ne. Irin wannan da ake watsawa a titi sunanta daban, ma'anarsa ganye mai tashi. Stensil kuwa takardar da malami ke rabawa ce a aji. Na tambaye ta daga ina suka samo kalmar, don mu ma muna da ita a garinmu. Ta yi mamaki, ta jawo wani ƙamus mai kauri daga kanta.

Ta ce ba tasu ba ce tun asali. Daga Ingilishi suka aro ta, ta shigo tare da injin gurza takarda, lokacin tana sabuwar malama. Ita ma ta juya hannun injin nan shekara da shekaru, ta ɓata riguna da tawada. Daga baya injin hoto ya zo, aka kwashe tsofaffin aka zubar, amma bakin malamai ya riga ya saba. Sai sunan ya tashi daga kan takardar da ake hudawa ya koma kan duk takardar da aka raba wa ɗalibai. Yaran yanzu, in ji ta, suna faɗar kalmar ba su taɓa ganin abin ba.

Ta bi da yatsa zuwa ƙasan shafin. Su ma Ingilishi aro suka yi, daga wata tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin a ƙawata abu da launi har ya riƙa ƙyalli. Ita kuma wannan daga Latin ta fito, daga "scintilla", wato tartsatsin wuta. Ta rufe littafin tana ɗan murmushi, ta ce, "Ka ga doguwar tafiya. Daga tartsatsi, ta zo ta ƙare a kan darasin nahawu."

Na ce, "A garinmu ba a nan ta ƙare ba."

Ban shirya faɗa ba, amma na faɗa mata duka, tun daga makulli har zuwa kaset. Shi ne karo na farko da zancen ya fita daga bakina. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Da na gama ta buɗe aljihun teburinta ta ciro farar takarda da ambulan ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ban san al'adarku ba, Sanusi. Amma wannan karon ka sa sunanka a ƙasa."

Na rubuta wa shugaban makarantarmu ta Daura shafi biyu, na amsa laifina, na sa hannu, na aika. Asabar ta zagayo na je na sami Terje na ce na bar aiki. Na tambaye shi don me ya yi mini haka. Ya ɗaga kafaɗa ya ce takarda ce kawai, shi ma ba shi ya rubuta ba. Ban iya yi masa faɗa ba. Na juya na tafi.

Amsa ba ta zo ba. Na jira wata uku na sake rubutawa, shiru. Na ci gaba da karatu, na koyi harshen har ina iya gardama da shi, na ga lokacin da rana ke ƙin faɗuwa sam, na yi rashin lafiya na warke. Malama Berit ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma canja mini fuska ba. Sai dai duk sanda ta miƙo takardar aji, ni da ita mun san abin da nake ji. Da na gama shekara biyu na je yi mata sallama da rigar mijinta a ninke. Ta ce in bar wa wani baƙon da zai zo bayana.

Da na dawo Daura na tarar an yi wa shugaban canjin wurin aiki tun kafin wasiƙata ta farko ta iso. Magatakardan makaranta ya ce ya ga ambulan biyu masu kan sarkin ƙasar waje, an tura masa, daga nan bai san komai ba. A ofishin Madam an sa kwamfuta, wani saurayi ke zaune a kujerarta. A gari kuwa an manta da sunanta, ba a manta da laifin ba.

Na fara da Hadiza, na faɗa mata gaskiya. Ta saurare ni da 'yarmu a cinya, yarinyar da ke gudu in na miƙa mata hannu. Da na gama ta ce, "Ni ma na yi ta faɗa wa mutane ita ce ta rubuta." Da safe ita ta ciro mini rigar da zan sa.

Na hau motar Mai'adua, na ƙarasa Kongolam a babur. Garin cike da manyan motoci masu jiran tsallaka iyaka. Na tambayi masu faci biyu kafin aka nuna mini wata 'yar rumfar kwano, ko rabin shagonsu na da ba ta kai ba. Tana zaune a kan benci tana jera fulogi a kwali. Ta rame, ta fara furfura. Na yi sallama, ta ɗago.

Ta ce, "Malam Sanusi. An dawo?"

Na ce, "An dawo, Madam. Ina wuni? Ya iyali?"

Ta ce, "Lafiya."

Na tsuguna a bakin rumfar na fara abin da na shekara biyu ina shiryawa. Ban kai ko'ina ba ta ɗaga hannu.

"Ni kake faɗa wa? Ai ina wurin."



Ta ci gaba, "Aikin ya tafi, shagon ya tafi, waɗannan na haƙura. Amma maigidana har yau bai yarda da ni ba. Yana cewa malami Musulmi ba zai rubuta haka ba, ni ce da bakina da ba ya shiru. Sama da shekara biyu muna cin abinci a kwano ɗaya, in aka yi ciniki mara kyau sai ya dube ni." Ta matsar da kwalin daga kan bencin. "Ya je ɗauko kaya. Zauna."

Na zauna. Ba ta ba ni ruwa ba, ba ta kore ni ba. Masu saye suka zo suka tafi, tana sallamarsu kamar ba na nan. Aka kira la'asar na je na yi na dawo na zauna a inda nake.

Can sai ga shi a babur, da kwalaye ɗaure a baya. Ya gane ni, ya washe baki, ya miƙo hannu yana cewa, "Malam, ashe ana tunawa da mu." Na riƙe hannun, na ce masa ya tsaya ya ji abin da ya kawo ni. Na faɗa masa ni na buga takardar, ni na gurza, ni na watsa, kuma makulli a aljihuna yake lokacin da na ce na mayar. Na ce zan faɗi haka a makaranta da gaban mai unguwa, duk ranar da suka ga dama.

Ya zare hannunsa a hankali. Na jira zagi ko mari, da na samu da na ji sauƙi. Bai ko sake kallona ba. Ya juya wajen matarsa ya yi mata wata 'yar gajeruwar magana da harshensu, muryarsa can ƙasa. Ta ba shi amsa da kalma ɗaya. Ya sake faɗar abin da ya faɗa. Sai ta sa gefen zanenta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, shi kuma ya durƙusa a gaban bencin, a cikin ƙasa da baƙin mai.

Na ga ba ni da wuri a nan. Na ja da baya na fita titi. Na kai bakin hanya sai na ji muryarsa a bayana.

"Malam. Ranar Litinin. Da safe, lokacin da duk malamai suke nan."

Na ce, "Allah Ya kai mu."